Amanar koci da girman ƙungiyar ƙwallon ƙafa

A duk lokacin da wani mai horar da 'yan wasa ya bar ƙungiyarsa ya koma wata, musamman idan abokiyar hamayya ce, muhawara iri ɗaya ke ɓarkewa a gidajen kallon ƙwallo na Gusau da Tsafe da Bunguɗu.

Wasu su ce ya ci amana. Wasu kuma su ce ai ya koma ƙungiyar da ta fi girma ne, don haka ci gaba ya samu.

Tambayoyi biyu ne ke ƙunshe cikin wannan muhawara: ga wa ya kamata koci ya riƙe amana, kuma da me ake auna girman ƙungiya? Tarihin gasar Najeriya, da abin da ya sami ƙungiyar Zamfara United, na nuna cewa amsoshin biyu a haɗe suke.

Magoyi baya da ma'aikaci

Magoyi baya yakan zaɓi ƙungiya sau ɗaya, sau da yawa tun yana yaro, kuma da wuya ya sauya.

Matasa da dama a arewacin Najeriya sun fara goyon bayan Arsenal ne a lokacin da Nwankwo Kanu yake buga mata wasa, daga 1999 zuwa 2004. Wasu kuma sun bi John Mikel Obi zuwa Chelsea a 2006. 'Yan wasan sun daɗe da barin ƙungiyoyin, amma magoya bayan suna nan.

Shi kuwa koci ma'aikaci ne da aka ɗauka bisa kwantaragi na wani ƙayyadadden lokaci. Abin da ke wuyansa shi ne ya yi wa ƙungiyar da ke biyansa aiki tsakani da Allah, domin kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Daga wannan bambanci ne saɓani ke tasowa. Jose Mourinho ya ci wa Chelsea gasar Firimiya ta Ingila sau uku, a 2005 da 2006 da 2015, kuma sau biyu yana rabuwa da ƙungiyar ana tsakiyar kakar wasa. Amma da ya koma filin Stamford Bridge a 2017 a matsayin kocin Manchester United, wasu magoya bayan Chelsea sun yi masa ihu suna kiransa maci amana.

Rafael Benitez ma, wanda ya ci wa Liverpool kofin zakarun Turai a 2005, ya fuskanci suka daga ɓangarorin biyu lokacin da ya karɓi aikin horar da Everton, maƙwabciyar Liverpool, a 2021.

Kano da Aba

A Najeriya, ƙungiyoyi biyu da suka fi nuna yadda masu horarwa ke kai-komo su ne Kano Pillars da Enyimba ta Aba.

Kadiri Ikhana, ɗan asalin jihar Edo, shi ne ya jagoranci Enyimba ta lashe kofin zakarun nahiyar Afirka a 2003, karo na farko da wata ƙungiyar Najeriya ta yi hakan. Shekara biyar bayan haka, a 2008, shi ne ya ci wa Kano Pillars gasar Firimiyar Najeriya karo na farko a tarihinta. A 2015 kuma ya sake cin gasar da Enyimba.

Okey Emordi, wanda ya riƙe wa Enyimba kofin Afirka a 2004, shi ne kocin Pillars lokacin da ta lashe gasar 2014. Kofunan 2012 da 2013 kuwa Mohammed Baba Ganaru ne ya kawo su Kano.

Hanyar ta kan juya ta ɗaya ɓangaren ma. Usman Abdallah, ɗan Kano, ya ci wa Enyimba gasar 2019, kafin daga baya ya horar da Katsina United da kuma Kano Pillars. Abdu Maikaba, shi ma daga Kano, ya ci kofin ƙalubale na ƙasa da Akwa United ta Uyo a 2017.

Ke nan biyu daga cikin kofuna huɗu na Pillars, masu horarwa daga kudancin ƙasar ne suka ciwo su, kuma tarihin ƙungiyar bai bambanta su da sauran biyun ba.

Amanar ƙungiya ga koci

Masu kare masu horarwa kan yi nuni da cewa amana ba ta ɓangare ɗaya ba ce, kuma sau da yawa ƙungiya ce ke fara saɓa ta.

Claudio Ranieri ya ci wa Leicester City gasar Firimiyar Ingila a watan Mayun 2016, abin da ƙungiyar ba ta taɓa yi ba. A watan Fabrairun 2017, lokacin Ahmed Musa yana cikin 'yan wasan ƙungiyar, aka sallame shi.

Roberto Di Matteo ya ci wa Chelsea kofin zakarun Turai na farko a watan Mayun 2012, aka kore shi a watan Nuwamban shekarar.

A gida Najeriya, marigayi Shaibu Amodu ya kai Super Eagles ga samun gurbi a gasar cin kofin duniya ta 2002 da ta 2010, amma duka biyun an sauke shi kafin a fara gasar. Haka ta faru ga marigayi Stephen Keshi, wanda ya sama wa Togo gurbinta na farko a gasar 2006, amma wani ne ya jagorance ta zuwa Jamus.

A gasar cikin gida kuma akwai ƙarin matsalar bashin albashi da kuɗin sa hannu, wanda 'yan wasa da masu horarwa suka sha kokawa a kai. Ƙungiyoyi kan kuma bai wa koci wa'adin wasanni biyu ko uku, ya yi nasara ko ya rasa aikinsa.

A irin wannan yanayi da wuya a sami wanda zai daɗe kamar Alex Ferguson, da ya riƙe Manchester United daga 1986 zuwa 2013, ko Arsene Wenger, da ya riƙe Arsenal daga 1996 zuwa 2018. Shi kansa Ferguson sai a 1990 ya ci kofinsa na farko a ƙungiyar, kuma hukumar gudanarwarta ta yi haƙuri da shi har tsawon wannan lokaci.

Ma'aunan girma

Babu wata hukuma da ke ayyana ƙungiya a matsayin babba, amma akwai ma'aunai huɗu da aka fi amfani da su.

Na farko shi ne kofuna. Real Madrid ta ci kofin zakarun Turai karo na 15 a 2024, a shekarar da Al Ahly ta Masar ta ci na Afirka karo na 12. A Najeriya, Enyimba ta ci gasar ƙasa karo na 9 a 2023, Enugu Rangers kuma ta ci karo na 8 a 2024.

Na biyu shi ne magoya baya. Kano Pillars, wadda aka kafa a 1990 ta hanyar haɗe ƙungiyoyi uku na Kano, ta yi suna wajen cika filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata. Ta shafe kimanin shekara 12 ba a doke ta a gida a gasar ƙasa ba, har sai da Nasarawa United ta yi nasara a kanta a 2015. A 2009 kuma ta fitar da Al Ahly daga gasar zakarun Afirka, ta kai wasan kusa da na ƙarshe.

Na uku shi ne kuɗi. Chelsea ta sauya bayan da Roman Abramovich ya saye ta a 2003, haka ma Manchester City bayan da attajiran Abu Dhabi suka saye ta a 2008. Sai dai magoya bayan tsofaffin ƙungiyoyi kan ce kuɗi na sayen kofi, amma ba sa sayen tarihi.

Na huɗu, wanda ba a cika ambata ba, shi ne ɗorewa. Raccah Rovers ta Kano ta ci gasar Najeriya a 1978, amma ba ta cikin masu fafatawa a yau. Leventis United da Abiola Babes, waɗanda suka yi tashe a shekarun 1980, sun watse kafin ƙarshen shekarun bayan da masu su suka janye hannu.

A ɗaya gefen, Enugu Rangers ta shafe shekara 32, daga 1984 zuwa 2016, ba ta ci gasar ƙasa ba, amma ba a daina lissafa ta cikin manya ba. Kano Pillars ta faɗa rukuni na biyu a 2022, ta dawo a 2023, magoya bayanta ba su watse ba.

Darasin Zamfara United

An ƙirƙiro jihar Zamfara daga tsohuwar jihar Sakkwato a ranar 1 ga Oktoban 1996, kuma kamar yawancin jihohin ƙasar, ita ma ta sami ƙungiyar da gwamnati ke ɗaukar nauyinta.

Zamfara United, mai mazauni a Gusau, ta kai ga gasar Firimiyar Najeriya a shekarun 2000, inda ta riƙa karɓar baƙuncin manyan ƙungiyoyin ƙasar a filin wasa na tunawa da Sardauna. Wannan ya bai wa mutanen Gusau, da na garuruwan kusa irin su Bunguɗu da ke kan hanyar Sakkwato da Tsafe da ke kan hanyar Funtuwa, damar kallon gasar ƙasa ba tare da sun yi doguwar tafiya ba.

Wasanta da aka fi tunawa da shi shi ne na ranar ƙarshe ta kakar 2008/2009, inda ta doke Kaduna United da ci 9 da nema, ta tsira daga faɗawa rukuni na biyu. Sakamakon ya jawo ce-ce-ku-ce da zargi a faɗin ƙasar.

Tsirar ba ta ɗore ba. A 2011 ƙungiyar ta faɗi daga gasar, kuma har zuwa kakar 2025/2026 ba ta sake komawa ba.

Abin da ya sami Zamfara United ya sami ƙungiyoyin gwamnati da dama. Kuɗinsu daga baitulmalin jiha yake fitowa, gwamnati ce ke naɗa shugabanninsu, kuma abin da ake samu daga tikiti da tallace-tallace bai isa ya riƙe su ba. Idan gwamnati ta sauya, ko hankalinta ya koma kan wasu matsaloli, kamar matsalar tsaro da ta addabi Zamfara a shekarun baya-bayan nan, ƙungiya takan rasa madafa.

Enyimba ma ta gwamnatin jihar Abia ce, kuma ta fara tashe ne a zamanin Gwamna Orji Uzor Kalu, inda ta ci gasarta ta farko a 2001. Bambancin shi ne shugaba ɗaya, Felix Anyansi-Agwu, ya riƙe ta fiye da shekara 20 har zuwa 2023, a ƙarƙashin gwamnoni daban-daban. Masu horarwa sun zo sun tafi, amma kofuna ba su daina zuwa ba.

Nasarar Remo Stars, ƙungiya mai zaman kanta daga Ikenne a jihar Ogun, wadda ta ci gasar 2025, ta nuna cewa akwai wata hanyar ban da dogaro da gwamnati. Ƙungiyar tana da filin wasanta da kuma makarantar renon matasan 'yan wasa.

Inda tambayoyin biyu suka haɗu

Idan aka duba waɗannan misalai, za a ga cewa koci yakan daɗe ne a inda ake biyansa haƙƙinsa a kan kari, ake kuma ba shi lokaci ya gina 'yan wasa. Ƙungiyar da ke iya yin haka ita ce wadda take da tsayayyen shugabanci da hanyar samun kuɗi da magoya bayan da ba sa gudu ranar faɗuwa.

Irin wannan ƙungiya ba ta rushewa don koci ya tafi, kamar yadda Enyimba ta sake cin kofin Afirka shekara guda bayan tafiyar Ikhana.

A Gusau da Tsafe da Bunguɗu, masoya ƙwallon ƙafa ba su yi ƙaranci ba, kamar yadda cikar gidajen kallo a ranakun wasannin Turai ke nunawa. Abin da jihar ke jira shi ne ƙungiyar gida da za ta iya riƙe koci, ta kuma rayu bayan gwamnan da ya tallafa mata ya sauka.