Gashi da Miƙar Jiki a Gyadi-Gyadi

Tun kafin zuwan asibiti, tsofaffin Kano kan gasa baya mai ciwo da tsumma da ruwan zafi, su bi da tausar man kaɗanya.

Kalmar "gashi" ba ta ɓace ba. An kafa Asibitin Koyarwa na Aminu Kano a 1988, kuma a harabarsa ta Gyadi-Gyadi, cikin Tarauni, har yau "gashi" ake zuwa. Sai dai yanzu, ban da ɗumi, ana koyar da miƙe jijiyoyi da jan numfashi a natse, abin da ya fi ɗorewa. Waɗannan biyun suna cikin ginshiƙan yoga, tsohuwar al'adar Indiya mai sassauta ciwon baya, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware wa ranar 21 ga Yuni a 2014.