Yadda Ake Tantance Allon Lantarki da Zanensa Kafin a Ƙera Shi

Kusan kowace cajar waya ko na'urar daidaita wutar sola da ake amfani da ita a Jajimaji, Nguru ko Gashuwa tana ɗauke da ƙaramin allo mai siraran hanyoyin tagulla. Kafin a ƙera shi, injiniya kan zana abu biyu a kwamfuta: zanen tsari, wanda ke nuna inda ƙafar kowane sashe take haɗe, da kuma shimfiɗar allon, wato inda kowace hanya za ta bi a zahiri. Tantancewa ita ce tabbatar da cewa shimfiɗar ba ta saɓa wa zanen ba.

Manhajar KiCad, wadda Jean-Pierre Charras ya fara a Faransa a 1992 kuma ake sauke ta kyauta, tana fitar da jerin haɗe-haɗe daga zanen tsarin, ta gwada shi da allon. Haɗin da ba a kammala ba yakan bayyana kamar siririn zare a fuskar kwamfuta, hanyoyi biyun da suka taɓa juna ba bisa tsari ba kuma ta yi musu alama.

Sai dai manhajar ta yarda da zanen ne ɗari bisa ɗari. Idan tun a zanen aka juya ƙafafun tiranzisto, za ta ce komai daidai ne, shi ya sa dole a duba takardar bayanin kowane sashe da ido.

Allunan da ake aikawa Chaina a ƙera sukan ɗauki makonni kafin su iso. Kuskuren da ya tsallake sai dai a kankare tagullar, a liƙa 'yar waya da dalma, kamar yadda masu gyaran waya ke yi.