Yadda Aka Yi Basasa a Ƙasar Kano

A ƙarshen shekarar 1893 Allah ya yi wa Sarkin Kano Muhammadu Bello rasuwa. A zamaninsa ya tuɓe 'ya'yan wansa Abdullahi Maje Karofi daga sarautunsu, don ya share wa ɗansa Galadima Tukur hanya. Wazirin Sakkwato Buhari yana Kano a lokacin, ya kuwa ga inda zukatan mutane suka karkata, watau wajen Yusufu ɗan Abdullahi. Ya ba Sarkin Musulmi Abdurrahman shawara, amma Sarkin Musulmi bai manta da jaruntakar da Tukur ya nuna masa a yaƙin Argungu ba. Ya ce Tukur za a naɗa, aka naɗa shi.

Sai Yusufu ya fita birni da 'yan'uwansa da bayin ubansa, suka sauka Takai, kan hanyar Birnin Kudu. A wancan zamani Birnin Kudu da Gwaram duk ƙasar Kano ce, su ne bakin daga wajen Ningawa, mutanen wannan sashe kuwa sun saba da ɗamara. Daga nan ya dinga aika wa sarakunan garuruwa, wani a lallashe shi da alkawarin sarauta, wani a kai masa yaƙi. Suka taso wa Kano karo na fari, aka kore su. Tukur ya sa aka kashe waɗanda aka kama, abin da ya ƙara nisanta shi da jama'a.

Cikin 1894 Yusufu ya rasu a Garko, bai ga gadon da ya ke nema ba. To, a nan ne dabara ta fi takobi aiki. Manyan rundunar suka tsai da ƙanensa Aliyu, wanda a ke kira Alu, don uwarsa 'yar Sarkin Musulmi Aliyu Babba ce. Suka ce Sakkwato ba ta ƙi jininta ba.

A shekarar nan Alu ya ci birni, Tukur ya gudu ƙasar Katsina. Sarkin Musulmi ya umurci sarakuna su taimake shi, kowa ya amsa da baki, ya noƙe. Alu ya bi shi, aka gwabza a Tafashiya cikin 1895, aka kama Tukur da rauni, ya cika a hanya. Daga baya Sakkwato ta tabbatar wa Alu da sarautar.