Tarihin Binciken Tarin Fuka da Illolin da Ba a Zata Ba, 1947 Zuwa 1991

Gabatarwa

Ran 24 ga watan Maris 1882, a birnin Barlin na ƙasar Jamus, Robert Koch ya bayyana wa 'yan'uwansa masana cewa ya gano ƙwayar da ke haddasa tarin fuka, watau tibi. Amma fa sai da aka shekara sittin da ɗoriya kafin a sami maganin da ke kashe wannan ƙwaya a jikin ɗan Adam. A tsakanin nan, galibin abin da likita ke iya yi shi ne ya keɓe mara lafiya a wani asibiti na musamman, ya kwanta ya huta, ya ci abinci mai kyau. Manufar wannan lacca ita ce a bi tarihin gwaje-gwajen da aka yi bayan samun magani, domin a nuna cewa amfanin magani yakan bayyana da wuri, alhali kuwa illarsa, da tabon da cutar kan bari a huhu, ba mai ganinsu sai wanda ya jure wa ƙidaya shekara da shekaru.

Gwajin Ingila

A cikin 1943 Albert Schatz ya gano maganin sitiraftomaisin a ɗakin binciken Selman Waksman a Amurka. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu Ingila ta shiga ƙuncin kuɗi, saboda haka abin da ta iya saya na maganin bai isa kowa ba. Da yake dole wasu su samu wasu su rasa, sai Majalisar Binciken Lafiya ta ƙasar ta karɓi shawarar masanin lissafi Austin Bradford Hill, cewa a bar ƙuri'a ta yi rabon, kada son zuciyar likita ya shiga. Aka rubuta rabon kowa a cikin ambulan, aka liƙe, ba a buɗewa sai an riga an karɓi mara lafiyar.

An fara a cikin 1947 da mutum 107. Mutum 55 suka sami allura da hutu, 52 kuwa hutu kaɗai. Sakamakon da aka buga a 1948 ya nuna cewa cikin wata shida mutum 4 suka mutu a rukunin farko, 14 a na biyu. To, da an rufe littafi a nan, da an ce an gama da tarin fuka. Sai dai masu binciken sun lura da abu biyu. Na farko, allurar tana taɓa jijiyar cikin kunne, har mutum ya riƙa fama da jiri. Na biyu, ƙwayar cutar ta koyi jure wa maganin a jikin yawancin waɗanda aka auna kakinsu. Da aka bi sawunsu har shekara biyar, sai aka tarar fiye da rabin kowane rukuni sun riga mu gidan gaskiya. Daga nan aka gane cewa magani ɗaya tilo ba ya isa. Aka haɗa shi da PAS, sa'an nan da isoniyazid wanda ya fito a 1952, har John Crofton ya nuna a Edinbara cewa haɗin ukun nan yana warkar da kusan duk wanda ya sha shi yadda ya kamata.

Daga Madras Zuwa Gabashin Afirka

Matsalar da ta rage ita ce ta ƙasashen da ba su da isassun gadajen asibiti. A cikin 1956 aka buɗe cibiyar bincike a Madras ta Indiya, wadda yanzu ake kira Chennai, a ƙarƙashin Wallace Fox. Aka raba mutum 193 gida biyu, wasu aka kwantar, wasu aka bar su suna shan magani a gidajensu har shekara guda. Rahoton 1959 ya nuna cewa warakar na gida ba ta yi nisa da ta na asibiti ba, daga bisani kuma aka tabbatar cewa iyalansu ba su fi iyalan waɗancan kamuwa ba.

Duk da haka PAS yana da tsada, ga wuyar sha. Saboda haka aka gwada wani tsohon maganin Jamus mai araha, tiyasetazon, a asibitocin Gabashin Afirka, aka ga yana aiki in an haɗa shi da isoniyazid. Amma da aka kai shi Hongkong da Singafo sai aka ga mutanen can ba su jure masa kamar na Afirka ba. Wannan ya nuna cewa abin da aka gani a jikin wata al'umma ba lalle ne a gan shi a jikin wata ba. Irin wannan darasi ya fito daga Zariya game da wata cutar huhun, watau namoniya. Likitocin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello sun lura cewa shawara takan biyo bayan namoniya a tsakanin marasa lafiyarsu fiye da yadda aka saba gani a Turai, kuma a 1973 Peter Tugwell ya buga binciken da ya danganta wannan da ƙarancin wani sinadari na jajayen ƙwayoyin jini, G6PD, wanda ake gadonsa.

Abin da Ke Saura Bayan Waraka

Tarin fuka yakan ci huhu ya bar kogo, kuma kashe ƙwayar ba ya cike kogon a koyaushe. A cikin 1968 Ƙungiyar Tarin Fuka ta Biritaniya ta buga binciken mutum 544 da suka warke amma kogon bai rufe ba. Hoton ƙirji ya nuna cewa a kashi 11 cikin ɗari nasu wata irin funfuna, asfajilas, ta shiga kogon ta dunƙule kamar ƙwallo. Da aka sake duba su bayan 'yan shekaru, adadin ya kai kashi 17. Alamar wannan ciwo ita ce tarin jini, wanda wani lokaci kan kai ga halaka. Haɗarin a nan shi ne, wanda bai san da shi ba sai ya ɗauka tsohuwar cutar ce ta dawo, ya maimaita maganin da ba ruwansa da funfuna.

Labarin Nairobi

Tiyasetazon ya yi kusan shekara talatin ana shan sa a ƙasashen Afirka da yawa. Da cutar ƙanjamau ta bazu a shekarun 1980, sai likitoci suka fara ganin masu shan sa suna fesowa da ƙuraje, wasu har fatarsu ta saɓule kamar wanda ya ƙone. A 1991 Paul Nunn da abokan aikinsa suka buga ƙidayar da suka yi a Nairobi: kashi 20 cikin ɗari na masu ƙanjamau sun sami wannan illa, kashi 1 kacal a cikin waɗanda ba su da ita, wasu kuma sun mutu. Maganin bai sāke ba, jikin masu shan sa ne ya sāke. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a ba masu ƙanjamau shi, aka maye gurbinsa da itambutol.

Kammalawa

Duk waɗannan illoli, da jirin sitiraftomaisin, da shawarar Zariya, da ƙwallon funfuna, da ƙurajen Nairobi, ta hanya ɗaya aka gano su: an rubuta sunan kowane mara lafiya, an koma an neme shi, an ƙidaya wanda ya mutu kamar yadda aka ƙidaya wanda ya rayu. Wannan kuwa ba aikin likita kaɗai ba ne. Akawun da ke riƙe da rajista, da malamin asibitin da ke bin wanda ya daina zuwa karɓar magani, da jami'in da ke ware kuɗin wannan aiki a cikin kasafi, duk suna da hannu a ciki. Inda aka rufe fayil ranar da aka sallami mara lafiya, to, abin da ya same shi bayan shekara uku ba wanda zai sani, balle a kare na bayansa.