Tsagawa da Haɗawa: Tarihin Hanyoyi Biyu na Ƙarfin Nukiliya

Sau da yawa ɗalibai kan ɗauka bom ɗin Hiroshima da zafin rana abu guda ne, tun da duka ana ce musu nukiliya. Alhali kuwa hanyoyi biyu ne masu kishiyantar juna.

A watan Disamba 1938, a Berlin, Otto Hahn da Fritz Strassmann suka harbi yuraniyom da niyutron, sai suka tarar da bariyom, wanda nauyinsa bai fi rabin na yuraniyom da yawa ba. Abin ya ɗaure musu kai. Wadda ta warware shi ita ce Lise Meitner, abokiyar aikin Hahn, wadda ta gudu Suwidin saboda 'yan Nazi. Ita da ɗan 'yar'uwarta Otto Frisch suka gane cewa cibiyar ƙwayar zarra ce ta tsage biyu, ɗan nauyin da ya ɓace kuma ya zama ƙarfi. Hahn kaɗai aka ba kyautar Nobel ta 1944, kuma a ganina an ci haƙƙin wannan baiwar Allah.

Tsagawa ba ta da wuyar kunnawa, domin niyutron ba ya ɗauke da caji, ba abin da ke tare shi. Kowace tsagewa kuma tana sakin wasu niyutron, su ma su tsaga na gaba. Shi ya sa abin ya yi sauri: Fermi ya kunna tukunyar farko a Shikago a 1942, aka jefa bom a Japan a 1945, tashar Obninsk ta Rasha ta fara ba da lantarki a 1954. Wannan hanya ce ta kai Faransawa fara haƙar yuraniyom a Arlit ta Nijar a 1971.

Haɗawa kuwa, tun 1920 Eddington ya yi hasashen rana na haɗa haidurojin ya zama hiliyom. Matsalar ita ce cibiyoyin suna ture juna, sai da zafin miliyoyin digiri suke haɗuwa. Da Amurka ta gwada bom ɗin haidurojin a 1952, har tsibirin Elugelab ya shafe, da bom ɗin tsagawa ta kunna shi.

Fasa abu daban, sarrafa shi daban. Sai a Disamba 2022 masanan Livermore suka sami ƙarfin da ya fi na hasken lesa da suka harba. Amma lantarkin da injinan lesar suka sha ya ninka wannan kusan sau ɗari, kuma har yau babu gidan da haɗawa ke haskakawa.