Ɗan Ruwa Biyu a Akadiya: Waiwaye kan Bernard-Anselme de Saint-Castin

Bari mu koma 1670, shekarar da wani matashin sojan Faransa, Jean-Vincent de Saint-Castin, ya sauka a Pentagouet, inda garin Castine na jihar Maine yake a yau. Faransawan Akadiya a lokacin 'yan ɗaruruwa ne kawai, kuma zamansu ya rataya ne a kan amincin 'yan ƙasa. Saurayin ya koyi harshen Abenaki, ya shiga fataucin fatu, har ya auri 'yar sarkinsu Madockawando. Daga wannan aure aka haifi Bernard-Anselme a 1689.

Yaron ya tashi da gida biyu. Ya san daji da kwalekwale a wajen kawunnansa, ya kuma yi karatu a makarantar limaman coci ta Kwibek. A 1707, yana ɗan shekara 18, ya jagoranci mayaƙan Abenaki suka taya kare garin Port-Royal na Akadiya daga farmakin Turawan Ingila na Boston, har ya ji rauni. A shekarar ce mahaifinsa ya rasu a Faransa, a shekarar kuma ya auri Marie-Charlotte d'Amours. Jininsa biyu shi ne ƙarfinsa a wannan zamani, domin kowane ɓangare na ɗaukarsa nasa ne.

Sai al'amura suka juya. Port-Royal ta faɗi a 1710, yarjejeniyar Utrecht ta 1713 kuma ta miƙa wa Birtaniya Akadiya. A 1714 Bernard-Anselme ya haye teku zuwa yankin Béarn na Faransa neman gadon mahaifinsa. Can ya tarar da 'yan ubanci, dangin uba suna tuhumar ingancin auren iyayensa don su riƙe dukiya. Abin da ya ɗaukaka shi a Akadiya shi aka ɗaga a gaban shari'a don a ƙasƙantar da shi. Duk da haka ya samu kujera a majalisar Béarn a 1717, ya rasu a 1720 nesa da dangin uwarsa.

Amma zuriyar ba ta yanke ba. 'Yan uwansa mata, Anastasie da Thérèse, sun yi aure a gidajen Le Borgne da Mius d'Entremont. Da aka tarwatsa Akadiyawa daga 1755, jinin Madockawando ya bi su duk inda jirage suka kai su.