Daga Nuremberg Zuwa Yawunde: Shari'ar 'Yan Nazi Da Abin Da Ta Bar Mana



Cikin watan Maris na 1996, wata safiya ina zaune a teburin mai shayi da ke bakin hanyar da ta gangaro daga Tsinga zuwa Briqueterie, sai rediyo ya ba da labarin da ya sa kowa ya ajiye kofinsa. An kama wani kanar na ƙasar Ruwanda mai suna Théoneste Bagosora a nan cikin Yawunde, ana zarginsa da hannu a kisan kiyashin 1994. Wani dattijo da ke kusa da ni, wanda ya yi wayo a zamanin da iyayenmu ke kira Yaƙin Hitila, ya girgiza kai ya ce, "Yaro, wannan ai irin abin da aka yi wa manyan Jamus ne bayan yaƙi." A lokacin ban gane alaƙar ba. Sai da na ɗauki shekaru ina karance-karance sannan na ga dattijon nan ya fi ni sanin inda zancen ya taso. Abin da na tsinta ne nake son mu duba tare.

Mu mutanen wannan unguwa ba baƙin Jamus ba ne. Tun 1884 Jamusawa suka kafa mulkinsu a Kamaru, suka riƙe ta har 1916, kuma sunan Briqueterie kansa daga wurin gasa bulo na zamanin Turawa ya samo asali. A Yaƙin Duniya na Biyu kuwa, cikin Agusta 1940, Leclerc ya sauka a Duwala, Kamaru ta bi bayan Janar de Gaulle, aka kwashi 'ya'yan Afirka suka je suka yi yaƙi da sojojin Hitila da ƙawayensa. Saboda haka lokacin da aka zauna shari'ar waɗanda suka haddasa yaƙin, muna da jini a cikin lissafin, ko da ba a gayyace mu zaman ba.

Da aka ci Jamus da yaƙi a watan Mayu 1945, tambayar da ta tsaya wa Amurka da Ingila da Faransa da Tarayyar Sobiyet ita ce: yaya za a yi da shugabannin Nazi da ke hannu? Akwai waɗanda suka ga a harbe su kawai a huta. Daga ƙarshe ra'ayin kafa kotu ya rinjaya. Ran 8 ga Agusta 1945 ƙasashen huɗu suka sa hannu a Landan kan yarjejeniyar da ta kafa kotun soja ta ƙasa da ƙasa. Aka zaɓi birnin Nuremberg, inda jam'iyyar Nazi ke yin manyan tarukanta, inda kuma a 1935 aka shelanta dokokin da suka raba Yahudawa da 'yancinsu na 'yan ƙasa.

An buɗe shari'ar ran 20 ga Nuwamba 1945, aka kammala ran 1 ga Oktoba 1946. Tuhuma huɗu ce: ƙulla makirci, tayar da yaƙin zalunci, laifukan yaƙi, da laifukan cin zarafin bil'adama. Mutum 22 aka yanke wa hukunci, ɗaya daga cikinsu, Martin Bormann, a bayan idonsa. An yanke wa 12 hukuncin kisa, 3 ɗaurin rai da rai, 4 ɗaurin shekara 10 zuwa 20, aka sallami 3. Hermann Göring, mafi girma a cikinsu, ya haɗiye guba a daren da za a rataye shi. Ran 16 ga Oktoba aka rataye 10.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda aka kafa hujja. Masu gabatar da ƙara sun dogara ƙwarai kan takardun da 'yan Nazi suka rubuta da hannunsu: umarni, rahotanni, lissafin mutanen da aka harbe ko aka tura sansanonin mutuwa. Sun kashe Yahudawa kimanin miliyan 6, ga Romawa 'yan yawo, da nakasassu, da fursunonin yaƙi, kuma da yawa daga cikin wannan ta'asa sun shigar da ita littafi kamar yadda ɗan kasuwa ke rubuta hajarsa. Alƙalaminsu ne ya ba da shaida a kansu.

Yarjejeniyar Landan ta ƙunshi ƙa'idoji biyu da suka sauya tunanin duniya. Ta farko, muƙami ba ya kare mutum, ko shi ne shugaban ƙasa. Ta biyu, faɗin "umarni aka ba ni" ba ya wanke mai laifi, iyakarsa a duba shi wajen sassauta hukunci. Wannan ta biyun ba baƙuwa ba ce ga wanda ya tashi a gidan Musulunci, domin tun muna makarantar allo muke jin cewa babu biyayya ga abin halitta cikin saɓon Mahalicci. Sabon abu shi ne a ga kotun duniya ta ɗauki wannan magana ta rataye janar-janar da ministoci a kanta.

Shari'ar ba ta tsaya nan ba. Amurka ta gudanar da wasu shari'u 12 a Nuremberg tsakanin 1946 da 1949, na likitoci da alƙalai da masu masana'antu da kwamandojin rundunonin kisa. Sai dai da yaƙin cacar baka ya kankama tsakanin Amurka da Sobiyet, zafin ya ragu, aka rage wa da yawa wa'adi, aka sake su. Wasu sun tsere Kudancin Amurka. Adolf Eichmann sai a 1960 jami'an Isra'ila suka sato shi daga Ajantina, aka yi masa shari'a a Kudus, aka rataye shi a 1962. Jamus ta Yamma kanta sai tsakanin 1963 da 1965 ta gurfanar da ma'aikatan sansanin Auschwitz a Frankfurt, bisa naciyar mai gabatar da ƙara Fritz Bauer. Har a Disamba 2022 wata kotun Jamus ta sami wata tsohuwa mai shekara 97 da laifi, saboda aikin sakatariya da ta yi a sansanin Stutthof. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya.

To, amma akwai inda gizo ke saƙa. Kotun Nuremberg ta waɗanda suka ci yaƙi ce, su suka rubuta dokar, su suka naɗa alƙalai. Sobiyet ta yi ƙoƙarin ɗora wa Jamus kisan dubban hafsoshin Folan a dajin Katyn, alhali jami'anta ne suka aikata shi, kotu kuma ta yi shiru a kan batun cikin hukuncinta. Babban mai gabatar da ƙara na Amurka, Robert Jackson, ya yi gargaɗi tun a jawabinsa na buɗewa cewa da mudun da suka auna wa waɗannan mutane tarihi zai auna musu gobe.

A nan ne zancen ya dawo gida. Ku dubi kwanan watan nan, 8 ga Agusta. A rana irin wannan ce a 1914, shekara 31 cif kafin yarjejeniyar Landan, Jamusawa suka rataye Rudolf Duala Manga Bell a Duwala saboda ya ƙi yarda a ƙwace filayen mutanensa, suka kuma harbe Martin-Paul Samba a Ebolowa. Ba wanda ya taɓa tsayawa gaban alƙali a kan wannan. A Yuni 1940 sojojin Jamus sun ware sojojin Afirka da suka kama a Faransa, suka karkashe su, a Chasselay kusa da Lyon da wasu wurare. Faransa kuwa, wadda alƙalinta Donnedieu de Vabres ke zaune a Nuremberg, sojojinta sun buɗe wa tsoffin fursunonin yaƙi 'yan Afirka wuta a Thiaroye ta Senegal ran 1 ga Disamba 1944 don sun nemi haƙƙinsu. A Satumba 1945, wata biyu kacal kafin a buɗe kotun, Turawa mazauna Duwala sun ɗauki bindigogi suka harbe masu yajin aiki. Duk waɗannan ba su shiga takardar tuhuma ba.

Wannan ƙorafi ya taɓa shiga ɗakin shari'a. A 1987 aka gurfanar da Klaus Barbie, shugaban 'yan sandan ciki na Nazi a Lyon, wanda ya yi wa leƙen asirin Amurka aiki bayan yaƙi sannan ya ɓuya a Bolibiya har 1983. Lauyansa Jacques Vergès, tare da wani lauya ɗan Kwango da wani ɗan Aljeriya, ya ce Faransa ba ta da bakin hukunta kowa bayan abin da ta yi a ƙasashen da ta mallaka. Kotu ta yanke wa Barbie ɗaurin rai da rai, kuma a ganina ta yi daidai. Laifin Faransa a Aljeriya ko a Kamaru ba ya wanke mutumin da ya kwashe yara 44 daga gidan Izieu ya tura su ga mutuwa. Amma tambayar da aka tayar tana nan, ba a amsa ta ba.

Yanzu mu koma ga labarin teburin mai shayi. Bayan an kashe mutum kimanin 800,000 a Ruwanda cikin kwana ɗari a 1994, Majalisar Ɗinkin Duniya ta kafa kotu ta musamman a Arusha ta Tanzaniya, a kan harsashin da aka aza a Nuremberg. Da yawa daga cikin waɗanda ake nema sun fake a Kamaru. Ban da Bagosora, a nan aka kama Kanar Anatole Nsengiyumva, da Ferdinand Nahimana, da Jean-Bosco Barayagwiza. An miƙa Bagosora da Nahimana ga kotun a Janairu 1997. Bagosora ya sami ɗaurin rai da rai a 2008, aka mayar da shi shekara 35 a ɗaukaka ƙara, ya mutu yana fursuna a Mali a 2021.

Shari'ar Nahimana da Barayagwiza ce ya kamata mu ma'abota sauraren rediyo mu tsaya a kanta. Su biyun suna cikin waɗanda suka kafa gidan rediyon RTLM, wanda ya riƙa kiran Tutsi kyankyasai, yana ambata sunayen mutane da inda suka ɓuya. A Nuremberg an rataye Julius Streicher, mai jaridar Der Stürmer, alhali ba shi da runduna kuma ba shi ke tafiyar da sansani ba. Laifinsa shi ne shekarun da ya yi yana zuga mutane a kan Yahudawa da kiran a hallaka su. Amma Hans Fritzsche, babban mai sharhi a rediyon Nazi, yana cikin ukun da aka sallama. A Disamba 2003 kotun Arusha ta sami mutanen rediyon nan biyu da laifi, tare da Hassan Ngeze mai jaridar Kangura. Wato ramin da ma'aikacin rediyo ya tsallake a 1946 shi ya rufta da waɗanda aka kama a ƙasarmu. Duk wanda ke riƙe da makirfo, ko yake tura saƙon murya a WhatsApp yana kiran wata ƙabila da sunan ƙwari, ya san cewa baki ma yana da shari'arsa.

Maƙwabciyarmu Chadi ta ba da misali na biyu. Hissène Habré ya ratsa ta Kamaru lokacin da aka kifar da shi a Disamba 1990, ya wuce Senegal. Waɗanda suka tsira daga kurkukunsa suka yi fiye da shekara ashirin suna tattara sunaye da shaidu, sannan a 2001 aka gano tarin takardun 'yan sandansa na ciki a Njamena. Ran 30 ga Mayu 2016 wata kotun Afirka da ke zama a Dakar ta yanke masa ɗaurin rai da rai. Alƙalan Afirka ne suka hukunta tsohon shugaban ƙasa da ƙa'idar nan ta cewa muƙami ba ya kare kowa.

Namu matattun fa? An haramta jam'iyyar UPC a 1955. Sojojin Faransa sun kashe Ruben Um Nyobè a daji ran 13 ga Satumba 1958. An sa wa Félix Moumié guba a Jeneba a 1960, kuma shari'ar jami'in leƙen asirin Faransa da aka zarga ta mutu a 1980 ba tare da hukunci ba. An harbe Ernest Ouandié a bainar jama'a a Bafoussam ran 15 ga Janairu 1971. Ƙauyukan da aka ƙona a ƙasar Basa da ta Bamileke ba su ga kotu ba. Da Shugaba Macron ya zo Yawunde a Yuli 2022 aka kafa kwamitin masana tarihi, kwamitin ya miƙa rahotonsa a Janairu 2025, daga baya a wannan shekarar Macron ya amsa a rubuce cewa yaƙi Faransa ta yi a Kamaru. An amsa laifi bayan kusan duk masu laifin sun kwanta dama. Kamaru kanta ta sa hannu kan yarjejeniyar Rum ta 1998 da ta kafa Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya, amma ba ta tabbatar da ita ba.

Ni dai ban yarda a yi watsi da Nuremberg don masu kafa ta suna da nasu dattin ba. Dokar da suka rubuta don Jamusawa ta kuɓuce daga hannunsu, har ta iso titunan Yawunde bayan shekara hamsin. Abin da ya motsa ta kowane lokaci shi ne takarda da shaida da mutanen da suka ƙi mantawa. Dattijon nan na teburin shayi ya rasu, kuma ban taɓa zama na rubuta abin da ya sani game da waɗanda aka kwasa zuwa Yaƙin Hitila ba. Wannan sakaci nawa ne. Har yanzu a Tsinga da Briqueterie akwai tsofaffin da suka ga shekarun 1950 da 1960 da idonsu. Wanda ke da irinsu a gida, ya ɗauki waya ya naɗi muryarsu, ya rubuta suna da gari da shekara tun suna raye.

Allah ya jiƙan waɗanda aka zalunta, ya kare mu daga zama 'yan amshin shatar azzalumai.